Diclofenac da 'yan'uwansa: inda amfanin yake, nan illar take

Duk wanda ciwon baya ya taɓa hana shi sunkuyawa, ko haƙori ya hana shi runtsawa, ya san abin da diclofenac ke iyawa. Ƙwaya guda ta miligiram 50, kafin a jima zugin ya lafa, gaɓar da ta sandare ta saki, mutum ya koma harkokinsa. Kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970 da sunan Voltaren, daga nan ya bazu a duniya da sunaye barkatai. Wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya duba cinikin magungunan kashe zafi da kumburi a ƙasashe 15, ya tarar shi ne a kan gaba, kasonsa ya kusa kamo na ibuprofen da naproxen da mefenamic acid a haɗe. Maganin yana ci, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ta ƙofar da yake bi ya kashe ciwo, ta nan illolinsa ke shigowa, shi ya sa yawancin dabarun da mutane ke yi don su kwashi amfanin su bar illar ba sa kai su ko'ina.

Har zuwa 1971 likitoci na ba da aspirin ba tare da sun san takamaiman yadda yake aiki ba, alhali ya haura shekara 70 a kasuwa. A shekarar ne John Vane, wani masani a Landan, ya nuna cewa aspirin da ire-irensa suna hana jiki ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982, tare da wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin. Jiki ba ya tara furostagilandin a wani rumbu. Nan take yake haɗa shi a daidai wurin da ake buƙata, ya yi aikinsa ya narke cikin ɗan lokaci. Idan mutum ya gurɗe ko gaɓarsa ta kumbura, shi ne ke buɗe ƙananan hanyoyin jini wurin ya yi ja ya ɗau zafi, shi ne kuma ke tsokano jijiyoyin jin ciwo har taɓawa kaɗan ta zama azaba. A ƙwaƙwalwa shi ke tayar da zazzaɓi, a mahaifa shi ke murɗa mara lokacin al'ada. Akwai wani sinadari mai suna COX da sai da shi ake iya haɗa furostagilandin, kuma shi diclofenac da ibuprofen da naproxen da piroxicam da indomethacin suke toshewa. Gida ɗaya suka fito, bambancinsu na ƙarfi ne da tsawon zama a jiki.

Da a ce aikin furostagilandin ya tsaya a kumburi da zafi, da magana ta ƙare. Amma shi ne ke kare bangon tumbi, shi ke riƙe da jinin da ke shiga ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, yana da hannu a daskarewar jini da hana daskarewarsa, har ɗan tayi a cikin uwa da shi yake dogaro. Ƙwaya kuwa da ta narke ta shiga jini ba ta san gwiwa aka aike ta ba. Ko'ina ta samu COX sai ta toshe.

Tumbi ne ya fi saurin kai ƙara. Ruwan asid ɗin da ke cikinsa na da ƙarfin narkar da nama, kuma abin da ya hana shi cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon, da wani sinadari mai kashe kaifin asid da ke ƙarƙashin yauƙin, da wadataccen jinin da ke gyara duk inda ya ƙwarzane. Duka ukun furostagilandin ne ke kula da su. Idan aka rage shi, yauƙin ya yi siriri, jinin ya ragu, asid ɗin kuwa yana nan yadda yake. Daga nan sai ƙwarzane, sai gyambo, wani lokaci gyambon ya ci hanyar jini ko ya huda bangon gaba ɗaya.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ana ɗauka cewa ƙwayar ce ke ƙona tumbi idan ta sauka a kansa, saboda haka in an karɓi maganin ta allura ko ta matsi a dubura an tsira. Gaskiya ne ƙwayar na ɗan cin wurin da ta taɓa, amma babbar ɓarnar ta cikin jini take zuwa, kuma allura ma jinin take kai maganin. Mai tarihin gyambon ciki da ya nemi allurar diclofenac don gudun ƙwaya bai guje wa komai ba. Haka ƙwayar da aka yi wa rufi don kada ta narke sai ta wuce tumbi: tana iya rage ƙwarnafi, ba ta hana gyambo. Shawarar a sha bayan an ci abinci ita ma tana da amfaninta, domin tana rage wa wasu tashin zuciya da zafin ciki, amma abinci ba ya mayar da furostagilandin ɗin da aka hana jiki yi.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne zafin ciki ba ma'auni ba ne. Wani zai yi ta fama da ƙwarnafi, a leƙa cikinsa da na'ura a tarar ba komai. Wani kuma, musamman dattijo, ba zai ji ko ɗar ba sai ranar da ya yi amai da jini, ko ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari, wanda alama ce ta jinin da ya narke a hanji. Kada a manta, maganin kashe ciwo ne, yana iya danne zafin gyambon da shi da kansa ya haddasa. Akwai kuma zubar da ba a gani da ido, kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, daga tumbi ko daga ƙaramin hanji, har mutum ya ɗashe, ya riƙa haki in ya hau bene, a yi ta ba shi maganin ƙarin jini ba a tambayi me yake sha don ciwon gwiwarsa ba.

Hatsarin ba ɗaya yake ga kowa ba. Wanda ya haura shekara 65, da wanda ya taɓa yin gyambo ko zubar jini a ciki, da mai ɗauke da ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambon ciki, su ne a sahun gaba. Yana kuma ninkuwa idan an haɗa da magungunan tsinka jini irin su warfarin, ko aspirin na masu ciwon zuciya, ko prednisolone da dexamethasone, ko wasu magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline, ko barasa. Ga irin waɗannan, idan maganin ya zama dole, likitoci kan haɗa musu da omeprazole ko makamancinsa don rage asid. Yana kare tumbi sosai, amma kariyarsa ba ta kai can cikin ƙaramin hanji, inda ba asid ne ke ɓarnar ba.

Akwai wani haɗin da mutum ke yi bai sani ba. Ya sha diclofenac da safe don baya, da rana kai ya sara ya sha ibuprofen, da dare mura ta sa ya sha wani haɗin maganin mura wanda shi ma akwai ibuprofen ko aspirin a ciki. A ganinsa magani uku ya sha don ciwo uku, a wajen tumbi da ƙoda kuwa abu ɗaya aka ninka musu sau uku. Kuma ninkin ba ya ƙara sauƙi yadda ake zato, domin waɗannan magunguna na da iyakar da in an kai ta kashe zafin ba ya ƙaruwa, illar ce kawai ke ci gaba da hawa. Iyakar diclofenac ga babba miligiram 150 ne a yini. Ibuprofen kuwa, in ba likita ne ya rubuta ba, miligiram 1200. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali na kamfani ne, ainihin sunan maganin yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kuma shi ya kamata a karanta.

A farkon shekarun 1990 aka gano cewa COX iri biyu ne. COX-1 yana nan kullum a tumbi da cikin ƙwayoyin daskarar da jini, wato wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke yawo a cikin jini, COX-2 kuma yakan yawaita ne a inda kumburi ya tashi. Sai masana suka ga kamar an samu mafita: a ƙera maganin da zai toshe na biyun kaɗai, a kashe kumburi a bar tumbi lafiya. Haka aka samu celecoxib a ƙarshen 1998 da rofecoxib, wato Vioxx na kamfanin Merck, a 1999. Ta ɓangaren tumbi lissafin ya fita. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2000 ya nuna Vioxx ya rage matsalolin gyambo da kusan rabi idan aka kwatanta da naproxen. Amma a wannan gwajin dai masu shan Vioxx sun fi samun bugun zuciya nesa ba kusa ba. An yi ta jayayya, wasu na cewa naproxen ne ke kare zuciya, ba Vioxx ne ke cutar da ita ba, har sai da wani gwaji na daban, wanda aka kwatanta shi da ƙwayar da ba magani a cikinta, ya nuna hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya kusa ninkawa. Ranar 30 ga Satumba 2004 aka janye shi daga kasuwannin duniya.

Dalilin yana cikin hanyoyin jini. Ƙwayoyin daskarar da jini na amfani da COX-1 su haɗa wani sinadari mai sa su manne wa juna, ya kuma tsuke hanyar jini. Bangon hanyar jinin kuma yana amfani da COX-2 ya haɗa kishiyarsa, mai hana mannewa da buɗe hanya. A jikin mai lafiya biyun suna riƙe da juna. Idan aka danne mai hanawa aka bar mai mannewa yana aikinsa, ma'aunin ya karkata wajen gudan jini, gudan jini kuwa in ya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa an san abin da ke biyo baya.

Me ya haɗa wannan da diclofenac, tsohon magani da ya girmi Vioxx da fiye da shekara 20? Da aka koma aka auna, sai aka tarar yadda yake fifita COX-2 ya yi kusa da na celecoxib. Ashe tun fil azal ɗan wancan ɓangaren ne, ba a dai sa masa sunan ba. A 2013 mujallar Lancet ta wallafa wani nazari da ya tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje. Ya nuna cewa diclofenac a miligiram 150 kullum yana ƙara hatsarin manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, daidai da sababbin magungunan COX-2. A lissafin nazarin, cikin mutum 1000 da suka sha shi shekara guda, za a samu ƙarin mutum 3 da abin zai faɗa wa, ɗaya daga cikinsu ya rasa ransa. A shekarar ce hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da shi ga wanda ke da ciwon jijiyoyin zuciya, ko gazawar zuciya, ko toshewar jijiyoyin ƙafa, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, kuma a yi taka-tsantsan da masu hawan jini da ciwon suga da yawan kitse a jini da masu shan taba. A Janairun 2015 Birtaniya ta hana sayar da ƙwayarsa sai da takardar likita. A Yulin wannan shekarar hukumar magunguna ta Amurka, wato FDA, ta tsananta gargaɗinta a kan dangin gaba ɗaya, ban da aspirin, ta ce hatsarin na iya farawa tun makonnin farko. Wani bincike daga Denmak a 2018, wanda ya bi bayanan mutum sama da miliyan 6, ya ƙara nuna cewa ko a cikin kwana 30 na farko masu fara diclofenac sun fi masu fara ibuprofen ko naproxen ko paracetamol gamuwa da matsalar zuciya.

Waɗannan alƙaluma na buƙatar a karanta su da natsuwa, domin suna iya firgita wanda bai kamata ya firgita ba, su kuma yi wa wanda ya kamata ya ji tsoro kama da abu kaɗan. Ƙarin kashi ɗaya cikin uku a kan hatsarin da mutum ke da shi tun asali yake hawa. A ɗauki misali kawai: rukunin da mutum 3 cikin 1000 za su samu bugun zuciya a shekara ko ba magani, ƙarin zai mai da su 4. Rukunin da asalinsu 30 ne, zai mai da su 40. Matashiya mai lafiya da ta sha na kwana biyu don ciwon mara tana can ƙasan rukunin farko. Dattijo mai hawan jini da suga da ke sha kullum tun bara yana cikin na biyu, kuma abin takaici shi ne ya fi buƙatar maganin, don shi ne gaɓoɓinsa ke ciwo.

Wanda ya ce to sai a koma naproxen bai yi kuskure ba, amma bai fita kyauta ba. A wancan nazari na 2013 naproxen ne bai nuna ƙarin hatsarin zuciya a fili ba, wataƙila don yana daɗewa a jini yana danne COX-1 na ƙwayoyin daskarewa kusan yini guda, ɗan kama da abin da aspirin ke yi. Sai dai wannan dannewar ce ta sa ya ninka hatsarin zubar jini da hujewar tumbi kusan sau huɗu, inda diclofenac ya tsaya a kusan sau biyu. Ibuprofen a miligiram 2400 a yini ya taɓa ɓangarorin biyu, amma da hukumar Turai ta sake dubawa a 2015 ba ta ga ƙarin hatsarin zuciya a miligiram 1200 zuwa ƙasa ba. Shi ma yana da nasa tarkon ga masu shan ƙaramin aspirin don kare zuciya: in ya riga aspirin shiga jini sai ya tare gurbin da aspirin zai kama, kafin ya tashi aspirin ya wuce. Shi ya sa FDA ta ba da shawara a 2006 cewa a sha ibuprofen aƙalla minti 30 bayan aspirin, ko awa 8 kafinsa. A ra'ayina tambayar wanne ya fi aminci ba ta da amsa sai an ga mai sha. Likitan kirki yakan fara auna wanne ya fi rauni a jikin wannan mutumin, tumbi ko zuciya, sannan ya ɗauki alƙalami.

Ƙoda kuwa ba ta da zaɓaɓɓe a cikinsu, duka suna taɓa ta. Kowace ƙoda na da ƙananan matatai kimanin miliyan guda, kuma a haɗe suna tace ruwa kusan lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Kowace matata ƙullin ƙananan hanyoyin jini ce mai mashiga da mafita, kuma tacewar ta dogara ne da matsin jinin da ke tsakaninsu. Kamar tiyon ruwa ne mai ƙananan huji a tsakiya: in ana so ruwa ya riƙa tsartuwa ta hujin, ko a ƙara buɗe famfo ko a ɗan matse bakin tiyon. Lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda na yin duka biyun. Furostagilandin ya buɗe mashiga, wani sinadari mai suna anjiyotensin ya tsuke mafita. Mai lafiya da ya sha ruwa ya ƙoshi bai cika buƙatar wannan dabara ba, shi ya sa yake shan ibuprofen ƙodarsa ba ta ko gezau. Wanda ya dogara da ita shi ne mai gudawa da amai, da mai zazzaɓin da ya kasa shan ruwa, da wanda ya yi doguwar zufa, da tsoho, da mai gazawar zuciya ko ciwon hanta ko tsohon ciwon ƙoda.

A ɗauki mace mai shekara 70 da ke shan lisinopril don hawan jini, tare da ƙwayar sa fitsari irin hydrochlorothiazide ko furosemide. Magungunan biyu daidai suke, likita ne ya rubuta, kuma suna kare ta. Sai gudawa ta kama ta kwana biyu, jiki ya yi tsami, gwiwa ta tashi, wani na gida ya miƙo mata diclofenac cikin kyakkyawar niyya. Ƙwayar fitsari da gudawa sun rage ruwan jiki. Lisinopril ya hana mafita tsukewa. Diclofenac ya zo ya hana mashiga buɗewa. Matsin cikin matatar ya faɗi, tacewa ta tsaya. Ba za ta ji ciwo a ƙugu ba. Fitsari ne zai ragu, ƙafa ta ɗan kumbura, kasala da tashin zuciya su ƙaru, kowa ya ɗora wa gudawar laifi. In an gano da wuri aka tsayar da magungunan aka ƙara mata ruwa, galibi ƙodar na farfaɗowa. In an makara, sinadarin fotasiyam na iya taruwa a jini har ya rikita bugawar zuciya, ko a kai ga wankin ƙoda. Wannan haɗin uku sananne ne a wajen likitoci, kuma losartan da danginsa na yin abin da lisinopril ke yi a cikinsa.

Ko ba a kai nan ba, waɗannan magunguna na sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. A matsakaici suna ɗaga awon jini da maki 3 zuwa 5, ga wasu fiye da haka, suna kuma rage ƙarfin magungunan hawan jini. Sau da yawa akan ƙara wa mutum maganin hawan jini na biyu ko na uku alhali ƙwayar ciwon baya ce ke tura awon sama. Nazarin 2013 ɗin nan ya tarar dukkansu, har da naproxen, suna kusan ninka hatsarin kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya.

Labarin da ya fi nuna ƙarfin diclofenac a kan ƙoda ba a asibiti ya faru ba. A shekarun 1990 ungulaye suka riƙa mutuwa a Indiya da Pakistan da Nepal, har wasu nau'o'i uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 masu bincike a Pakistan suka gano sanadin: ana yi wa shanu allurar diclofenac, in saniya ta mutu da maganin a jikinta ungulu ta ci mushen, cikin 'yan kwanaki ƙodarta ta mutu. A 2006 ƙasashen uku suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka koma meloxicam. Ƙodar ungulu daban take da ta ɗan Adam, kuma abin da ke kashe ta bai kai ya girgiza mutum mai lafiya ba, amma gaɓar da maganin ya nufa ita ce dai.

Ga mai juna biyu maganar ta fi tsauri. Daga wajen mako na 20, yawancin ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki fitsarinsa ne. Maganin na ratsa mabiyiya ya rage aikin ƙodarsa, ruwan ya ja baya, shi ya sa a Oktoban 2020 FDA ta ce a guje shi daga mako na 20 sai da umarnin likita. Daga mako na 30 kuma akwai wata 'yar hanyar jini kusa da zuciyar ɗan tayi da ke karkatar da jini daga huhunsa, tunda bai fara numfashi ba, kuma furostagilandin ne ke riƙe ta a buɗe har a haihu. Maganin na iya rufe ta tun lokaci bai yi ba. Abin sha'awa, idan aka haifi bakwaini wannan hanya ta ƙi rufuwa, ibuprofen ko indomethacin likitoci ke ba shi da gangan don ta rufe. Ƙaramin aspirin da ake rubuta wa wasu masu ciki don kare su daga hawan jinin ciki lamari ne daban, kada a daina shi saboda wannan bayani.

Masu asma su ma suna da nasu kaso. Idan aka toshe COX, kayan da jiki zai haɗa furostagilandin da su sai su karkata wata hanya, su zama sinadaran da ke tsuke hanyar iska. Kimanin kashi 7 cikin 100 na manya masu asma ne abin ke shafa, ya fi yawa ga masu tsiron nama a hanci, kuma shaƙewar kan zo cikin minti 30 zuwa awa 3 da sha. Wanda aspirin ya taɓa yi wa haka, yawancin sauran dangin ma za su yi masa. Borin jini da kumburin fuska ko leɓe na faruwa, haka nan, da wuya sosai, wani mugun ƙurji mai sa fata da cikin baki su saɓule, wanda ke buƙatar asibiti nan take. Diclofenac ya fi yawancin 'yan'uwansa taɓa hanta, don haka idon da ya yi rawaya ko fitsarin da ya yi duhu dalili ne na tsayawa. Ba a ba mai ƙarambau waɗannan magunguna, saboda an danganta su da munanan cututtukan fata a lokacin, ba a kuma ba wanda ake zargin yana da zazzaɓin dengue, saboda zubar jini. Mai yawan ciwon kai da ke shan su kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku, yana iya wayar gari maganin ne ke kawo ciwon kan.

Duk da wannan jerin, ba na cikin masu cewa a jefar da su. Ga murɗawar tsakuwar ƙoda, ga ciwon mara, ga gaɓar da ta kumbura ta yi ja, ba su da na biyu a cikin magungunan da ba sa sa maye, kuma wanda aka tsorata ya gudu daga gare su ya faɗa tramadol bai ci riba ba. Paracetamol ya fi sauƙi ga tumbi da ƙoda, amma ba ya sauke kumburi, kuma wuce giram 4 a yini na iya kashe hanta. Inda ciwon ke kusa da fata, kamar gwiwa ko yatsu ko gurɗewar idon sawu, diclofenac na shafawa ya fi dacewa, domin abin da ke shiga jini daga gare shi kimanin kashi 6 cikin 100 ne na abin da ƙwaya ke kaiwa. Ciwon ƙugu mai zurfi kam man shafawa bai cika isa gare shi ba.

Wanda ciwonsa ya sa dole ya daɗe yana sha, kamar mai amosanin gaɓɓai, akwai abubuwan da ya kamata a riƙa duba masa tun kafin ya fara da kuma lokaci-lokaci bayan nan: awon jini, gwajin aikin ƙoda da fotasiyam, yawan jinin jiki, da gwajin hanta idan diclofenac ne. Ya kamata kuma a gaya masa tun ranar farko cewa duk ranar da gudawa ko amai ko zazzaɓi suka hana shi riƙe ruwa a ciki, ya ajiye ƙwayar har sai ya koma ci da sha yadda ya saba na kwana ɗaya ko biyu, in kuma yana shan lisinopril ko losartan ko ƙwayar fitsari, ya tuntuɓi likitansa a ranar kan ko su ma za a dakatar da su.